Yadda ake gwada ƙasar gona bayan fari, kafin ka kai kuɗinka wajen mai taki

Bara a nan gefenmu na Ringim ruwa ya ɗauke mana ana tsakiyar damina, kwana biyu kacal da na gama zuba yuriya a gero. Muka yi ta kallon gabas, hadari ya haɗu ya watse, har sati uku da 'yan kwanaki ba ɗigo. Gonar da nake ɗaure dami arba'in da wani abu, dami goma sha bakwai na kai gida. Toh Alhamdulillahi, abin da Allah ya ba mu ke nan. Amma da rani ya shigo sai gardama ta tashi a majalisarmu: wasu suka ce takin bara yana nan kwance tunda shuka ba ta ci ba, bana ba sai an saya ba, wasu suka ce ai rana ta ƙone shi ƙurmus sai an sake sabon lale. Baffana yana cikin na farko. Ya ce min, "Kai yaro, abin da ba a ci ba ina zai je?" Na ce, "Baffa, Allah ya ƙara girma, bari dai in ɗebi ƙasar a duba mana." Abin da na koyo a wannan ɗawainiyar shi nake so in rubuta ma 'yan uwa manoma, don duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya rabi-rabi, kuma rabin da kowa bai gani ba shi ne ke cinye kuɗi.

Ka fara sanin abin da ke cikin buhun

Lambobin nan uku da ke jikin buhun kamfa, wato takin zamani mai haɗin sinadari uku, ba ado ba ne. Na farko naitirojin ne, mai sa ganye ya yi kore shar, na biyu fosfarus mai gina saiwa da ƙwaya, na uku fotash mai ƙarfafa kara da taimaka wa shuka jure ƙishi. Buhu mai kilo 50 na 15:15:15 yana da kilo 7 da rabi na kowanne. Na 20:10:10 yana da kilo 10 na naitirojin da biyar-biyar na sauran. Yuriya ita naitirojin ce zalla, kashi 46 cikin 100, wato kilo 23 a buhu. Sufa kuma ta fosfarus ce, ita ake ba gyaɗa da wake.

Su ukun nan ba halinsu ɗaya ba a cikin ƙasa. Fosfarus ba ya yawo, inda ka binne shi nan zai zauna, in shuka ba ta ci ba akwai kyakkyawan zaton kaso mai yawa yana nan. Fotash shi ma yana ɗan zama, sai dai a rairayi ruwa yana iya jan wani abu daga ciki, kuma mu da muke kwashe kara da harawa kaf mu kai gida, da su muke kwashe fotash ɗin da shuka ta sha. Naitirojin shi ne mara amana. In ka watsa yuriya a saman ƙasa mai ɗan danshi sannan rana ta buɗe ba ruwa, wani kaso yana zama iska ya tashi, wanda ya taɓa shiga gona kwana biyu bayan haka ya ji wani wari mai shiga hanci ya san abin da nake faɗa. Wanda ya shiga ƙasa kuwa yana iya zama har ƙarshen rani tunda ba ruwan da zai wanke shi, amma a jigawa irin tamu ruwan farko guda biyu ko uku masu ƙarfi sun isa su tura shi can ƙasa inda saiwar ƙaramin gero ba ta kai ba.

Yaushe za ka ɗebi ƙasar

Ni dai shawarata ka ɗeba da rani, bayan an kwashe kara, kuma kafin ka fara kai takin gida gona. Wannan na biyun ka riƙe shi da kyau, in ka riga ka jera mangaloli ka baza, abin da za a gwada taki ne ba ƙasarka ba. Kuma kana so sakamako ya dawo tun kafin bazara, lokacin da kake lissafin buhu nawa za ka saya, ba sai kowa ya ruga kasuwa farashi ya hau ba. Ƙasar da ta bushe ƙamas takan nuna tsami fiye da yadda take a zahiri kaɗan, don haka ka gaya wa masu gwajin cewa gonar ta sha fari, su san da wane ido za su karanta.

Raba gonar kafin ka taɓa shebur

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba wanda ya fi ka sanin gonarka. Ka zagaya da sassafe ka raba ta a ranka: ga tudu mai rairayi, ga gangare inda ruwa ke kwanciya, ga fako inda ko ciyawa ba ta son fitowa, ga inda wuta-wuta ta addabi dawa. Kowane yanki samfurinsa daban. In ka haɗa ƙasar fadama da ta jigawa a leda ɗaya za a ba ka lissafin wata gona da babu ita a duniya. Haka ɓangaren da ka zuba taki bara da wanda kuɗi suka ƙare ba ka zuba ba, kar ka gauraya su, bambancin da ke tsakaninsu ma shi ne amsar tambayar da muke yi. In gonar duk iri ɗaya ce kuma ba ta wuce hekta ɗaya ko biyu ba samfuri ɗaya ya isa. Hekta ita ce mita 100 tsawo da mita 100 faɗi, kusan eka biyu da rabi.

Akwai wuraren da za ka kauce wa: gindin gawo, don ƙasar ƙarƙashinsa ta fi ta sauran gona ƙarfi nesa ba kusa ba, kusa da suri, inda Fulani suka yi mashekari ko inda kake ɗaure shanun huɗa, inda aka tara kara aka ƙona, inda aka sauke juji bara, da bakin hanya ko kan iyaka.

Ɗibar kanta

Kayan aiki ba wasu masu tsada ba ne. Shebur ko fartanya mai kaifi, wuƙa, bokitin roba wankakke, leda mai kauri sabuwa, biro da takarda. Kar ka yi amfani da bokitin ƙarfe, kuma dan Allah kar ka shimfiɗa tsohon buhun taki ka juye ƙasa a kai, ɗan burbushin da ya maƙale a jikinsa ya isa ya sa a ce ƙasarka ta ƙoshi alhali yunwa take ji. Ni sai da na koma gida na ɗauko buhun da aka sa gero saboda wannan, bayan yarona ya riga ya shimfiɗa na yuriya.

Ka yi tafiya karkace-karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan kamar tafiyar maciji, kana tsayawa wuri 15 zuwa 20 a kowane yanki. Duk inda ka tsaya ka share ganye da kashin dabba da hannu, amma kar ka kankare saman ƙasar. Sai ka haƙa ɗan rami mai kama da harafin V, zurfin santimita 20, kusan tsawon hannunka daga wuyan hannu zuwa ƙarshen dogon yatsa. Gara ka samu kara ka auna ka yi masa tsaga, duk rami ka zura shi, domin in wani ya yi zurfi wani bai yi ba lissafi ya lalace, kuma a busasshiyar ƙasa nan ne aka fi yin kuskure, mutum ya gaji ya dinga kwasar ta sama kawai, ita kuwa ta sama ta fi taki. Daga jikin ramin ka yanko ƙasa daga sama har ƙasa, kaurin yatsa biyu, ka zuba a bokiti. In rairayi ne yana zubewa, ka ɗan yayyafa ruwa mai tsafta a wurin ka jira kaɗan ya kama jikinsa.

Maganar kunya. Mu ba a shimfiɗe muke noma ba, kuma taki a gindin shuka muke sa shi, kenan a kan tsohuwar kunya akwai wuraren da taki ya taru akwai inda bai taɓa zuwa ba. Kar ka dinga haƙa daidai gindin tsohon kara. Ka rarraba: wasu ramukan a kan kunya tsakanin gindi da gindi, wasu a gefenta, wasu a kwari. A gonata a gindin wani kara na tarar da 'yan ƙwayoyin kamfa sun yi fari-fari sun dunƙule ba su gama narkewa ba, watanni bayan an sa su. Na kira Baffa na nuna masa a tafin hannuna, ya ce, "Ka gani ko?" Na ce, "Na gani Baffa, amma na yuriyar ne ban gani ba."

In kana so a duba ragowar naitirojin, shi sai an ƙara zurfi, daga santimita 20 zuwa 60, a bokiti daban da leda daban, don ƙasa yake gangarawa. Aiki ne, ba ƙarya. A ƙasa mai laka ko gonar masara da aka narka wa yuriya ya cancanci wahalar. A rairayi ni ban ga amfaninsa sosai ba, tunda kafin shuka ta kai gare shi ruwa ya riga ta.

In ka gama, ka murmushe ƙasar da hannu ka cire tsakuwa da saiwoyi ka juya ta sosai. Juye ta a shimfiɗa mai tsafta, baza ta, raba gida huɗu, zubar da gida biyu masu kallon juna, haɗa sauran ka sake, har ta rage kamar rabin kilo, cikin gwangwanin madara uku ko ƙasa da haka kaɗan. In da danshi ka shanya a inuwa cikin ɗaki, ba a rana ba kuma ba kusa da murhu ba. Sai ka ƙulla a leda, ka rubuta takarda biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje: sunanka, garinku, wane yanki na gonar, zurfin da ka ɗeba, abin da ka shuka bara, takin da ka sa da yawansa, abin da ka girba, da abin da kake son shukawa bana. Wannan bayanin shi ke sa a ba ka shawara mai ma'ana maimakon takarda cike da lambobi.

Ina za a kai

Ka fara da malamin gona na yankinku, na hukumar bunƙasa noma ta jiha, wato JARDA in kana Jigawa, KNARDA in kana Kano, ya gaya maka inda ake karɓa yanzu da abin da ake biya. Jami'ar Bayero tana da sashen kimiyyar ƙasa da kuma cibiyar nazarin noma a busassun yankuna, akwai tsangayar noma a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ga kuma cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya wadda ta daɗe a wannan aiki. Mu haɗuwa muka yi mu shida, mutum ɗaya ya kwashi ledojin ya kai, kuɗin mota ya zo da sauƙi. Ka ce a duba maka tsami, fosfarus, fotash, da yawan ruɓaɓɓen abu da ke cikin ƙasa. In kana noman rani a ƙara da gishiri. In ka kawo ta zurfi ka faɗa musu a fili cewa ragowar naitirojin na taki kake nema, domin wanda suka saba aunawa jimillar da ke cikin ƙasa ce gaba ɗaya, ba ya nuna maka abin da ya rage daga yuriyar bara.

Kafin sakamako ya dawo, ga abin da za ka yi a gida

Samu gorar ruwa ta roba mai haske, zuba ƙasa zuwa kashi ɗaya cikin uku, cika da ruwa, girgiza sosai ka ajiye. Cikin minti ɗaya yashi zai kwanta, bayan awa biyu mai laushi ya hau kansa, laka kuwa sai ta kwana ɗaya ko biyu. In yashin ya cinye kusan duka, ka san ƙasarka ba ta riƙe ruwa ba ta riƙe taki, ba a ba ta yuriya a tashi ɗaya.

Na biyu ya fi wannan daɗi a wurina. Cika gwangwanaye da ƙasar kowane yanki, huda gindinsu, shuka masara uku-uku a wasu, wake a wasu, ka dinga ba su ruwa daidai wa daida a tsakar gida. Bayan sati uku ka duba. Ganyen ƙasa ya yi ɗorawa daga baki yana bin tsakiya, naitirojin ne babu. Ganye ya yi ja-ja ko shuni shuka ta tsumbure, fosfarus. Gefen ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta, fotash. Waken kuma wani aiki yake maka: in ka fesa maganin ciyawa irin atrazin a masara ko dawa bara, fari yana hana shi ruɓewa da wuri, yana iya kwana a ƙasa ya kashe wake ko gyaɗa ko riɗin bana. In waken gwangwani ya fito ya yi ɗorawa ya bushe alhali masara tana lafiya, kar ka kai wake wannan yankin bana.

Karanta takardar

Inda aka rubuta pH shi ne tsami. Daga 5.5 zuwa 7 yawancin amfaninmu suna lafiya. Ƙasa da 5.5 ƙasa ta yi tsami, tana riƙe fosfarus ta hana shuka, kuma yawan zuba yuriya shekara da shekaru ba takin gida yana cikin abin da ke jawo shi. Maganinsa a wurinmu takin dabbobi da toka, in ya yi tsanani malamin gona ya auna maka farar ƙasa ta noma. Sama da 8 kuwa kanwa ce ta yi yawa.

Harafin P shi ne fosfarus: a ma'aunin da aka fi amfani da shi, ƙasa da 10 ya yi kaɗan, 10 zuwa 20 matsakaici, sama da 20 ya wadata. K fotash ne: ƙasa da 0.15 kaɗan, zuwa 0.30 matsakaici, sama da haka ya isa. Ruɓaɓɓen abu kuwa kar ka yi mamaki in ka ga bai kai kashi 1 cikin 100 ba, haka yawancin gonakin tudu suke a nan, kuma shi ya sa fari ke saurin kama mu, don shi ne ke riƙe danshi. Wannan ba buhun da ke gyara shi sai mangala da amalanke.

Yanzu lissafi. Shawarar da aka saba ba wa mai gero ita ce kilo 60 na naitirojin, 30 na fosfarus, 30 na fotash a hekta, dawa ma kusan haka, masara kuma ninki biyu. Kenan ga gero buhu 4 na 15:15:15 ya ba ka talatin-talatin, sai buhu ɗaya da sulusi na yuriya ya cike naitirojin. Takardata ta nuna inda na sa taki bara fosfarus da fotash matsakaici ne, inda ban sa ba fosfarus ya yi ƙasa sosai. Malamin gona ya zauna da ni a kan benci ya ce, "Malam, a nan rage kamfa rabi, can kuma kar ka rage ko cokali." Sai lissafin yankin farko ya koma buhu 2 na kamfa, wato kilo 15 na kowanne, da buhu 2 na yuriya mai kilo 46 don naitirojin ya cika 60. Buhu huɗu maimakon biyar da sulusi. A yankin da ya yi ƙasa na juya shi wake da gyaɗa na ba shi sufa. In takardarka ta ce P da K sun wadata, kana iya tsallake kamfa bana a wannan yankin ka tsaya a kan yuriya da takin gida, amma bana kawai, baɗi ka sake dubawa.

Masu fadama da noman rani wajen Kura, Bunkure, Garun Malam ko Auyo da Haɗeja ku kula da wani abu daban. In ruwa ya yi ƙaranci zafi yana jawo gishiri daga ƙasa zuwa sama, za ka ga fari-fari a kan kunya kamar an barbaɗa kanwa, shuka tana yaushi alhali ga danshi. Ƙara taki a nan ƙara ciwo ne, tunda takin zamani shi ma gishiri ne. A buɗe magudana, a ba fili ruwa mai yawa ya wanke ya fita, a sa takin gida, sannan a yi maganar buhu.

Yadda za ka sa shi bana

Tunda ba ka da tabbas a kan naitirojin, bar gonar ta gaya maka da kanta. Ware kunya biyar a tsakiyar gona ka ba su yuriya cikakkiya da wuri, ka kafa kara a bakinsu don shaida. Sauran gonar ka ba ta kamfa kawai. Bayan sati uku zuwa huɗu ka tsaya daga nesa da yamma ka kalla: in kunyoyin nan biyar sun fi sauran duhun kore a fili, ba abin da ya rage, ka sa yuriya. In ba ka iya bambance su ba, ka ɗan jinkirta ka rage. Ruwan farko bayan dogon rani yana tayar da ɗan naitirojin daga ruɓaɓɓen abu, shi ya sa shukar fari takan fito da kyau, kar wannan koren na kwana goma ya ruɗe ka.

Yuriya ka raba ta biyu, rabi bayan noman farko, rabi wajen maimai kafin gero ya yi ciki. Kar ka watsa. Yi rami da sanda tazarar yatsu huɗu daga gindi, zuba, rufe da ƙafa, kuma sai ƙasa tana da danshi na gaske, ba don ka ga hadari ba, ni hadari na bi bara. In kuɗi ba su kai buhunan nan ba, akwai dabarar da masu binciken ICRISAT, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, suka gwada a Nijar: cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na kamfa, kusan giram 6, a kowane rami lokacin shuka, a gefe kaɗan kar ya taɓa iri. In kana da rami dubu goma a hekta kilo 60 ke nan, buhu ɗaya da ɗan ƙari. Masu binne kafin ruwa su jira sai shuka ta fito sannan su sa, don in aka yi yayyafi kaɗan takin yana iya ƙona tsiron.

Ka saurari hasashen damina da NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ke fitarwa a farkon shekara, gidajen rediyo suna karanta shi da Hausa, in an ce za a samu tsaikon ruwa a yankinku ka riƙe kashi na biyu na yuriya a ɗaki a kan katako, baki ɗaure, sai ruwa ya dawo ya zauna. Takardar gwajin kuma ka sa ta a leda ka adana, ka rubuta a bayanta abin da ka zuba da damin da ka ɗaure, bayan shekara biyu ko uku in ka sake ɗiba za ka ɗora sabuwa a kan tsohuwa ka gani ko gonar gaba take yi. Baffa ya ce bana in na tashi kai tawa in biya ta gonarsa ta bakin rafi, har ya sa an wanke masa bokiti.